Kafin ka kama tsohon gidan hutu a Ludlow, tambayi wa aka tayar

A wajen wani taron suna a Birmingham hira ta gangaro kan inda kowa ya kai iyalinsa da hutun makaranta. Wannan ya ce Dubai, wancan ya ce Istanbul, wasu suka ce gida suka leƙa. Da aka zo kaina na ce mu Ludlow muka je, wani ƙaramin gari a gundumar Shropshire kusa da iyakar Wales, muka kama hayar wani tsohon gida muka ɗan kwana biyu a ciki.

Wani dattijo da duk muke kira Kawu ya tsame hannu daga kwano ya dube ni. Ya ce, "Kai yaro, ka baro gidan ƙasa a garinku, ka keto hazo ka zo Ingila, sannan ka zare fam ɗinka ka biya don ka kwana a kangon Bature? Otal ya ƙare ne?"

Na ce, "Allah ya ja da ran Kawu, gani ya kori ji." Aka yi dariya aka wuce wurin.

Maganar Kawu tana da amsa, zan kuma ba da ita. Wadda ta fi tsaya mini a rai a can Ludlow ɗin na ji ta, daga bakin matar da ke zuwa gyara gidan idan baƙi sun tashi. Ta same mu muna loda kaya a mota, muka gaisa, na yaba mata garin. Ta ce ai a nan aka haife ta, amma yanzu daga wani gari take tuƙo mota ta zo aiki, don kuɗin haya a cikin Ludlow ya fi ƙarfinta. Ba da fushi ta faɗa ba. Tana maganar tana fito da wankakkun zannuwan gado daga bayan motarta.

Ga inda na tsaya. Kwana a tsohon gida a irin waɗannan garuruwa ba asarar kuɗi ba ce, duk wanda Allah ya hore wa ya kamata ya kai 'ya'yansa ko sau ɗaya. Sai dai gidajen nan ba ɗaya ba ne. Akwai ginin da ba don kuɗin baƙi ba da tuni ya zube, wanda babu iyalin da zai iya zaman dindindin a cikinsa. Akwai kuma gida mai ɗaki biyu da bara war haka ɗan haya ne a ciki, aka ba shi notis don baƙon mako ɗaya ya fi shi kawo kuɗi. Na farkon a kama shi da zuciya ɗaya. Na biyun ya kamata hukuma ta sa masa linzami, mu baƙi kuma mu daina yin kamar ba mu ga bambancin ba.

Me ake biya wa kuɗin?

Garuruwan da nake magana a kansu su ne waɗanda sarakunan Ingila na da suka ba izinin cin kasuwa. A wancan zamani ba a kafa kasuwa sai da takardar sarki, garin da ya samu takardar kuwa shi ke zama cibiyar ƙauyukan da ke kewaye. Stow-on-the-Wold ta samu tata a 1107 daga Sarki Henry na ɗaya, ta shahara da cinikin tumaki. A Chipping Campden, rumfar dutsen da attajiri Baptist Hicks ya gina wa masu sayar da cuku da man shanu da kaji a 1627 tana nan tsaye a tsakiyar titi.

Ludlow mutanenta 10,000 ne da 'yan kai, amma gine-ginenta da ke cikin rajistar tarihi sun kusa 500. Turawan Normandi da suka ci Ingila da yaƙi a 1066 su suka kafa fadarta ta dutse a kan tudu, a saman kogin Teme, kafin ƙarni na 11 ya ƙare. Arzikin gashin tumaki da saƙa ya gina babbar cocin garin. Har gobe kasuwa na ci a dandalin ƙofar fada ranakun Litinin, Laraba, Juma'a da Asabar.

Duk wannan mai yawon wuni ɗaya ma zai gani. Motar 'yan yawon buɗe ido ta sauke shi da hantsi, ya ɗauki hoton otal ɗin Feathers mai fuskar sassaƙaƙƙen katako ta 1619, ya sha shayi, la'asar ta yi ya koma. Abin da ba zai samu ba shi ne garin bayan motocin sun tafi, da garin kafin su iso.

Wanda ya kwana shi ke jin ƙarar ƙarafan rumfa ana haɗa su da sanyin safiya. Shi zai fita da silifa ya sayo burodi mai zafi, mai sayar da ƙwai ta gane shi a zuwa na biyu ta tambaye shi ya yara. Shi zai bi ta Broad Gate da daddare, ƙofa ɗaya tilo da ta rage daga ƙofofin ganuwar garin, ya ji yadda takunsa ke amsawa a cikin soron.

Gidan da muka sauka kansa darasi ne. Ƙofar shiga ba ta kai tsayina ba, an ma rataya wani ɗan ƙyalle a saman ta don tuna wa mai shiga ya sunkuya. Azarar rufin falo baƙa ce ƙirin, kana ganin sawun gizago a jikinta, sara bayan sara, inda wani masassaƙi da ba wanda ya san sunansa ya daidaita ta da hannu. Daɓen saman bene ya karkace, har yara suka mayar da shi wurin wasa: su ajiye lemo a bakin taga su bi shi da gudu yana gangarawa zuwa ƙofa. Murhun falo faɗinsa ya isa mutum biyu su zauna a cikinsa, don a da nan ne wurin girki, nan ne wurin jin ɗumi, nan ne wurin busar da tufafi.

'Yata ta karanta labarin Sarki Henry na takwas a makaranta, kamar kowane yaro a ƙasar nan. A cikin fadar Ludlow ne wansa Arthur ya rasu a 1502 yana da shekara 15, shi ya sa sarauta ta faɗo kan Henry, ya kuma auri matar da wan ya bari, auren da rabuwarsa ta kai ga ɓallewar cocin Ingila daga Fafaroma. A aji ta haddace wannan don jarrabawa. A Ludlow ta tsaya a cikin katangun da abin ya faru, ta dawo gida ta kwanta a ɗakin da aka gina ba da daɗewa sosai bayan nan ba. Otal ɗin bakin babbar hanya, mai ɗakuna iri ɗaya daga Landan har Glasgow, ba ya sayar da wannan ko nawa za ka ba shi.

Wannan ce amsata ga Kawu. Shi kansa in ya je Kano ba ya rasa kai baƙonsa Gidan Makama.

Abin da hoton talla ba ya nunawa

Kada a ce na yi dillanci. Tsohon gida yana da wahalarsa. Akwai sanyi, don tagogin gilashi ɗaya ne kuma iska na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Matakalar bene tsukakkiya ce mai tsayi, tsohuwa mai ciwon gwiwa ba za ta hau ba, mai rarrafe kuma sai an sa masa ido. Wurin ajiye mota sau da yawa babu, sai ka sauke kaya ka je can nesa ka biya. Ƙarfe huɗu na yamma ake shiga, goma na safe ake fita. Kuɗin Yuli da Agusta yakan ninka na hunturu.

Ga iyalin Musulmi kuwa, a ganina ribar ta fi wahalar. Kicin naka ne. Ka sayo naman halal a unguwar Alum Rock ko Small Heath da ke Birmingham ka zuba a kula, uwargida ta yi miyarta yadda ta saba, ba sai an wuni ana karanta bayan kwali ko ana tambayar mai kawo abinci da me aka soya dankali ba. Mata su sake a cikin gida ba ma'aikacin otal mai ƙwanƙwasa ƙofa. A yi jam'i a falo.

Abu uku dai a kiyaye. Da yawan gidajen nan suna karɓar baƙi masu karnuka, sai a duba kafin a biya, a kuma tafi da darduma. Wasu masu gida kan ajiye kwalbar giya a kwandon maraba, a gaya musu tun da wuri su bar ta, ba sa jin haushi. Buta kuma, wannan ba sai na faɗa ba. Wanda Juma'a ta riske shi a can, Craven Arms tana arewa da Ludlow, tasha ɗaya a jirgin ƙasa, akwai mayankar tumaki ta halal a garin da ƙaramin masallaci.

"To ai gidansa ne"

Idan na kawo zancen a sa wa gidajen hutu linzami, abin da ake fara ce mini ke nan. Mutum ya sayi gida da guminsa, in ya ga dama ya ba ɗan haya, in ya ga dama ya ba baƙo, ina ruwan hukuma?

Lissafin mai gida ba ɓoyayye ba ne. Mako ɗaya na Agusta yakan kawo masa abin da ya kusa hayar wata guda. Baƙo yana biya kafin ya zo, ba ya cin bashi, ba sai an je kotu kafin ya fita ba. Tun da Airbnb, shafin intanet na ba baƙi hayar gida, ta bayyana a 2008, da ire-irenta, ba ka buƙatar ofis ko dillali: hoto goma, da ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi a jikin bango inda ake ajiye mukulli, shi ke nan ka zama mai masauki. Ni ma da ni ne, zuciyata za ta raya mini.

Amma wannan hujja ta "gidansa ne" a tsohon gida ta fi ko'ina rauni. Tun dokar tsara birane ta 1947 Ingila ke rajistar gine-ginen tarihi, yau sun haura 370,000, fiye da kashi 90 cikin 100 a aji na biyu, wato irin gidajen talakawa da 'yan kasuwar da muke magana. Wanda gidansa ke cikin rajistar nan ba shi da ikon cire tagar katako ya sa ta roba, ko ya fasa bango ya faɗaɗa kicin, sai da izinin ƙaramar hukuma. In ya yi gaban kansa laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu.

Ashe tuni an yarda cewa gidan nasa ne amma gari na da haƙƙi a kansa. Abin da ke ba ni mamaki shi ne inda aka tsayar da haƙƙin. Doka ta tsare taga, ta tsare azara, ta tsare bututun hayaƙi. Ko akwai mai kwana a ciki a watan Janairu, wannan an bar wa kasuwa. Mutanen da suka gina garin kasuwa don a zauna a yi ciniki suka gina shi, zaman mutane kuwa yana cikin abin da ya kamata a ce an gada.

Akwai ma lokacin da dokar haraji da kanta take tura masu gida wajen baƙi. Mutum ya ce gidansa na kasuwanci ne, a cire shi daga harajin gida na ƙaramar hukuma a mayar da shi harajin 'yan kasuwa, sannan ya nemi rangwamen ƙananan sana'o'i, ya tashi bai biya ko sisi ba. Maƙwabciyarsa mai aikin jinya tana biyan nata cif, da shi ake kwashe sharar baƙinsa. Sai a Afrilun 2023 aka ɗaure abin a Ingila: dole gidan ya kasance a kasuwa kwana 140 a shekara, a kuma kama shi da gaske kwana 70. A Afrilun 2025 aka soke sassaucin harajin kuɗin shiga da masu gidajen hutu suka daɗe suna mora, aka kuma ba ƙananan hukumomi ikon ninka harajin gida na biyu, wato gidan da mutum ya mallaka ban da wanda yake zaune a ciki.

"Baƙi ne ke kawo ciniki"

Wannan gaskiya ce, ba kuma ƙarama ba. Bikin abinci da Ludlow ta fara a 1995, wanda ake yi a cikin fada a watan Satumba, yana cika garin maƙil. Mahauta, masu cuku, masu gidajen abinci, masu gyaran ɗaki, masu wanki, duk suna ci daga aljihun baƙo. Matar da na ba da labarinta ma da wannan aiki take ci da kanta. Wanda ya ce a kori baƙi bai san inda tuwon garin ke fitowa ba.

Sai dai a dubi irin cinikin. Baƙo na sayen kofi, da kati mai hoton fada, da tsohuwar fitila a shagon kayan da. Mazaunin gari shi ke sayen ƙusa da fenti, shi ke aski, shi ke hawa bas ranar Talata da ruwan sama, 'ya'yansa ke cika ajin firamare. Idan layi ya koma na baƙi, shagon ƙusa ya zama shagon kyandir mai ƙamshi. Makaranta kuma a Ingila gwargwadon yawan ɗalibai ake ba ta kuɗi, duk iyalin da ya tashi da kasonsa yake tafiya.

Ka zaga irin waɗannan layuka da daddare a watan Nuwamba. Tagogi duhu, labule a zuge daidai wa daida, a gefen ƙofa bayan ƙofa ga ɗan akwatin mukullin nan. Tsohuwar da ta rage a tsakiyar layin, in ta faɗi a banɗaki, bangon dama ba kowa, na hagu ba kowa.

Ba zan ɗora wa gidajen hutu duk laifin ba. Rassan banki fiye da 6,000 da aka rufe a Birtaniya tun 2015 intanet ce ta ci su. Tsadar gida a Ludlow tana da wasu dalilan: masu ritaya daga manyan birane suna sayar da nasu su zo da kuɗi a hannu, albashin karkara kuma ƙarami ne, ba a kuma gina sababbin gidaje masu sauƙi yadda ya kamata. Abin bai kai na garuruwan bakin teku muni ba. Amma a tsakiyar tsohon gari gidajen ƙidayayyu ne, ba a ƙara su, ba fili. Duk ɗaya da ya koma na baƙi, an rage ɗaya ke nan.

"In ba don baƙi ba, da ya rushe"

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, a nan kuma nake rabuwa da masu cewa a hana gaba ɗaya.

Tsohon gini rami ne na kuɗi. Bangon katako da yaɓen ƙasa ba ya son siminti, don siminti na riƙe danshi ya ruɓar da katakon daga ciki. Sai farar ƙasa, sai maginin da ya iya aiki da ita, su kuwa ba su da yawa kuma ba su da araha. Wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san zancen: shekarar da aka fasa yaɓe, damina ce ke yanke hukunci. A Ludlow ɗin nan wani ɓangare na ganuwar gari ya zube a bayan coci a 2013, aka shafe shekaru ana ja-in-ja kan wanda zai biya kuɗin gyara.

Da yawan gidajen nan ma talauci ne ya tsare su. Lavenham da ke Suffolk a 1524 tana cikin garuruwa mafi arziki a Ingila saboda saƙa. Da cinikin ya mutu, mutanenta ba su da kuɗin rushe gidajen kakanni su yi na zamani, sai suka ci gaba da zama a ciki haka nan. Karkatattun gidajen da ake tururuwar ɗauka a hoto yau, rashin kuɗi ne ya bar su tsaye. Yanzu da talaucin ya kau, dole wani ya ɗauki nauyin su.

A nan ƙungiyar Landmark Trust ta burge ni. John Smith da matarsa Christian suka kafa ta a 1965 da dabara ɗaya: a nemo ƙananan gine-ginen tarihi da ke shirin zubewa, waɗanda manyan hukumomi ba su kula da su ba, a gyara su, a riƙa ba baƙi haya, kuɗin hayar ya riƙe ginin. Yau suna da kimanin 200. Ba talabijin a ciki. Akwai littafin tarihin ginin, da wani babban littafi da kowane baƙo ke rubuta abin da ya gani ya bar wa na bayansa.

Dubi irin abin da suke ɗauka. A Bromfield, dab da Ludlow, soron ƙofar wani tsohon gidan ibada ne, ƙasa dutse sama katako. A Richmond ta Yorkshire hasumiyar Culloden ce ta 1746, ɗaki a kan ɗaki, matakala na nannaɗewa kamar igiya. A Chipping Campden 'yan ɗakunan liyafa ne da suka tsira lokacin da aka ƙone babban gidan Baptist Hicks a yaƙin basasa a 1645. Wace mai jego ce za ta yi zaman shekara a hasumiya, tana hawa da sauka da jariri da kayan wanki? Ba wanda aka tayar. Baƙo a irin wannan wuri shi ne mai riƙe da rufin. Haka ɗakunan haya da ke cikin harabar fadar Ludlow, haka rumbunan hatsi da barga da manoma ke gyarawa a bayan gari, haka da yawa daga gidajen hutun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi.

Matsalar ita ce masu gidan layi sun ari wannan hujja sun yafa. Gida mai ɗaki biyu da kicin da ɗan tsakar gida a baya, mai tafiyar minti biyar zuwa makaranta, ba ya cikin haɗarin zubewa. Da an sa shi a kasuwar haya, kafin sati an kama. Iyalin da ke zaune ma sun fi baƙo tsare gini: su ke ganin ɗigon ruwa ranar da ya fara, su ke kunna wuta duk hunturu bango ya bushe. Gidan da ke rufe daga Nuwamba zuwa Maris danshi ne ke haya a cikinsa.

"Mu baƙi ne a ƙasar, ina ruwanmu?"

Wani abokina ya ce mini wannan rigimar Turawa ce, mu da muka zo neman na kai wa bakin salati mu bar su da abinsu. Na ce masa, Malam, kai da ka yi wata da watanni kana neman ɗaki a Birmingham, kana bin layi da mutum ashirin don duba gida ɗaya, kai ne za ka ce ba ka san zafin ba? Kuɗinmu dai fam ne kamar na kowa, inda muka kai shi nan yake ƙara nauyi. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski.

Ba kuma wani dogon bincike ake nema ba. Shafin talla da kansa yana faɗa. In ka ga an rubuta cewa da barga ce, ko ɗakin ajiyar hatsi, ko masaƙa, ko ɓangaren gidan da masu shi ke zaune a ɗaya gefen, ka kama. In ka ga gida ne sak a tsakiyar layi, mai tallan kuma yana da wasu goma irinsa a gari ɗaya, kamfani ne ya saye layin. Saƙo ɗaya ya isa: kafin ya zama gidan baƙi, me ake yi da shi? Mai gaskiya zai amsa da murna, don yawancinsu suna son ba da tarihin gininsu.

Na san zaɓin baƙo ɗaya ba ya gyara gari. Aikin na hukuma ne, kuma an gwada hanyoyi. A St Ives, garin bakin teku da ke Cornwall, a 2016 fiye da kashi 80 cikin 100 na masu ƙuri'a suka amince kada a sayar da sabon gini sai ga wanda zai zauna a ciki. Mutanen Whitby, wani garin bakin tekun, suka kaɗa irin wannan ƙuri'a a 2022, duk da tasu ba ta da ƙarfin doka. Raunin wannan hanya a fili yake: sabon gini kawai ta shafa, mai neman gidan hutu kuwa dama tsohon yake so. Wales ta fi matsawa, tun Afrilun 2023 ƙananan hukumominta na iya ƙara harajin gida na biyu har kashi 300 cikin 100, gidan hutu kuma sai an kama shi kwana 182 a shekara kafin a lasafta shi sana'a. Scotland ta wajabta lasisi. Landan tun 2015 ta ƙayyade dare 90 a shekara ga wanda bai nemi izini ba.

Haraji shi kaɗai bai gamsar da ni ba. Mai kuɗi zai biya ya ɗora wa baƙo, layin kuma ya ci gaba da zama duhu. Abin da nake so shi ne ƙidaya da iyaka. A Fabrairun 2024 gwamnati ta yi alkawarin rajistar gidajen haya na gajeren zama a Ingila, da sa su a rukuni na daban a dokar tsara gari. Rajistar ita ce matakin farko, don kansila ba zai iya tsare abin da bai san yawansa ba. Daga nan a ba kowace ƙaramar hukuma ikon cewa a layi kaza gida kaza ne kawai za su zama na baƙi, in sun cika sai wani ya fita wani ya shiga. Hasumiya da soro da barga da duk ginin da ba ya zaunuwa a cire su daga lissafin, a ma ba su rangwame. Ludlow ba St Ives ba ce, don haka kada a yanke adadin daga Landan, a bar wa mutanen da suka san layukan.

Wannan zai sa kuɗin kwana ya tashi, musamman a Agusta, kuma aljihun irina ne zai ji. Da sauƙi dai: a haɗu gida biyu a kama wuri ɗaya a raba kuɗin, a kuma tafi a hutun Fabrairu ko na Oktoba. Lokacin farashi ya sauka, kasuwar ƙofar fada tana ci kamar kullum, masu shaguna kuma sun fi bukatar cinikin. A dai tafi da rigunan sanyi masu kauri, a kuma tambaya tun kafin a biya ko itacen murhu yana cikin kuɗin.